Ƙoton Roba Mai Nutsewa a Hankali: Dabarar Fatsa da Matsayinta a Ruwayen Borno

Ƙoton roba mai laushi wani abin fatsa ne da ake sarrafawa a masana'anta da siffar tana, ko ƙaramin kifi, ko kwaɗo, a soka shi a ƙugiya a jefa ruwa domin kifi mai farauta ya ɗauka abinci ne. Daga cikin ire-irensa akwai wanda ba a ɗaura masa darma. Nauyin jikinsa da na ƙugiya ne kawai ke janyo shi ƙasa, shi ya sa yake sauka sannu a hankali, yana karkarwa, har ya kai ƙasan ruwa. A lokacin wannan saukar ne kifi ya fi kai masa cafka. An ƙirƙiri dabarar a Amurka domin kifin bas, wanda babu shi a ruwayen Borno. Sai dai halin da take amfani da shi, wato kwaɗayin mafarauci ga abin da ya raunana, hali ne na giwan ruwa da tsage da tufi, kuma masuntan tafkin Chadi sun daɗe da saninsa ta hanyar ƙoto mai rai.

Asalin ƙoton roba

Kifin bas mai faɗin baki ɗan asalin Amurka ta Arewa ne. Yana zama a tafkuna da koguna masu sanyin gudu, yana laɓewa cikin ciyayi da kututturen da ruwa ya shanye, ya jira abin da zai gifta. Ba ya girma ƙwarai: mafi nauyi da aka yi rajista, wanda George Perry ya kama a jihar Jojiya a 1932, ya ɗan haura kilo 10, kuma sai a 2009 aka kama tamkarsa a tafkin Biwa na Japan. Abin da ya ɗaukaka shi shi ne faɗa da tsalle idan ƙugiya ta kama shi. Wannan ya sa kamunsa ya zama wasa mai gasa da kyaututtuka, musamman bayan Ray Scott ya kafa ƙungiyar masu fatsar bas a 1968. An kai kifin zuwa Afirka ta Kudu da Zimbabuwe da tafkin Naibasha na Kenya domin masu fatsar nishaɗi.

Tanar roba ta farko da ta yi kasuwa ta fito ne daga hannun Nick Creme, wani ma'aikacin injina a garin Akron na jihar Ohayo, a 1949. Ya narka roba ya zuba a mazubi da ya yi da siffar tana ta gaske. Daga baya kamfaninsa ya koma garin Tyler na jihar Teksas, inda manyan madatsun ruwa ke cike da itatuwan da ruwa ya binne, kuma a can tanar roba ta samu karɓuwa. Shekaru da yawa ana amfani da ita tare da darma, ana jan ta a ƙasan ruwa. A ƙarshen shekarun 1980 Herb Reed ya fito da Slug-Go, ƙoto mai siffar siririn kifi da ake jefawa ba darma, yana kauce-kauce idan an fizge shi. A shekarun 1990 kuma Gary Yamamoto ya fito da Senko, wanda ba shi da wata ƙawa, sandar roba ce miƙaƙƙiya mai kauri a tsakiya. Ita ce ta sa masu fatsa suka gane cewa saukar ƙoto kaɗai na iya isa, ko da mai fatsa bai motsa hannunsa ba.

Abin da ke sa shi nutsewa a hankali

Ana yin irin wannan ƙoto da ruwan robar PVC da aka gauraya da man da ke sa ta laushi. A dafa ta, a sa launi da ƙyalƙyali, a zuba a mazubi. Robar ita kaɗai nauyinta ya yi kusa da na ruwa, don haka da ƙyar take nutsewa. Gishiri ya fi ruwa nauyi fiye da ninki biyu, saboda haka idan aka cuɗa garinsa a cikin robar sai nauyinta ya ƙaru daidai gwargwado. Yawan gishirin shi ke ƙayyade saurin sauka. Sandar roba mai tsawon santimita 13 takan kai kusan giram 10, nauyin da ya isa a wurga ta nesa ba tare da darma ba.

Da yake nauyin ya bazu a duk jikin ƙoton, ba ya nutsewa da ka yadda mai darma ke yi. A kwance yake sauka, ruwa na bin gefensa biyu, kai da wutsiya suna kaɗawa. Gishirin yana da wani amfani kuma: kifin da ya cafki abu mai laushi da ɗanɗano yakan riƙe shi a baki na ɗan lokaci kafin ya tofar, wanda ke bai wa mai fatsa damar fizga. Aibinsa shi ne robar da gishiri ya yi wa yawa ba ta da ƙarko, takan yage bayan kifi ɗaya ko biyu.

Kifi mai farauta yana gano abinci ta ido, da hanci, da kuma wani layin jijiyoyi da ke bin gefen jikinsa daga kai zuwa wutsiya, wanda ke jin motsin ruwa ko a cikin duhu. Bin lafiyayyen kifi a guje aiki ne mai cin ƙarfi, kuma sau da yawa ba a kama shi. Wanda ya ji ciwo kuwa, ko ƙwaron da ya faɗo daga reshe, yana sauka ne a gajiye, ba ya iya tserewa. Ƙoto mai nutsewa a hankali wannan yanayin yake kwaikwayo, kuma yana daɗewa a gaban idon kifin da ke laɓe fiye da duk wani ƙoto da ake ja da sauri.

Ɗaurin ƙugiya da jifa

Hanyoyi biyu ne suka fi shahara. Ta farko ita ce ɗaurin Teksas: a soka tsinin ƙugiya ta kan ƙoton, a fito da shi ta gefe, a juya ƙugiyar, sannan a mayar da tsinin cikin jikin robar ya ɓuya. Ƙoton da aka ɗaura haka yana ratsa ciyawa da rassa ba tare da ya sarƙe ba, kuma tsinin ba ya fitowa sai kifi ya danne robar an fizga. Dole ƙoton ya miƙe sosai a kan ƙugiyar, in ya karkace zai riƙa juyawa yana murɗe zare. Ta biyu ita ce sokawa ta tsakiya, a bar kai da wutsiya suna reto. Wannan ta fi ba da karkarwa, amma tsinin a waje yake, don haka ta fi dacewa da fili ko bakin ciyawa.

Mai fatsa yana wurga ƙoton kusa da maɓoyar kifi: gindin ciyawa, inuwar itace, gefen dutse, ko inda ƙaramin rafi ke shiga babban ruwa. Daga nan sai ya saki zare ya yi ɗan sako-sako, domin zaren da ya miƙe yana janyo ƙoton gefe ya ɓata saukarsa. Cizon kifi a wannan hali ba kasafai ake jin sa a hannu ba, ido ne ke gane shi. Zaren zai yi ɗan tsalle, ko ya soma tafiya gefe, ko ya tsaya tun bai kai zurfin da ya kamata ba. Sai a naɗe rarar zaren a fizga sandar fatsa da ƙarfi. Idan ƙoton ya kai ƙasa ba abin da ya taɓa shi, a bar shi ya ɗan kwanta, a ɗaga sanda ya taso, a sake barinsa ya sauka. Bayan sau biyu ko uku a naɗe a jefa wani wurin.

Dabarar tana da iyaka. Ta fi aiki a ruwan da bai wuce zurfin mita uku ba, domin a mai zurfi jiran saukar yana cin lokaci. Iska mai ƙarfi tana lanƙwasa zare ta hana ganin cizo, igiyar ruwa mai gudu kuma tana kwashe ƙoton kafin ya nutse. Ruwa mai laka yana rage ganin kifi, a nan baƙin ƙoto ko mai duhun launi ya fi fitowa, a ruwa mai haske kuwa launin kore ko ƙasa-ƙasa ya fi kama da abincin gaske.

Ruwayen da ke kewaye da Maiduguri

Kogin Ngadda ne ke ratsa Maiduguri. Yana tasowa daga fadamun Sambisa, ya bi ta cikin gari, ya baje a kwarin Jere inda ake noman shinkafa. Kogi ne na damina, da rani yakan tsinke ya bar kududdufai. A kansa aka gina dam ɗin Alau a tsakiyar shekarun 1980, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da birnin, domin ruwan sha da noman rani. Tafkin da ya taru a bayansa ya zama wurin su mafi kusa da gari, inda karfasa da tarwaɗa suka fi yawa. Dam ɗin ya yi ambaliya a 1994, sannan a watan Satumba na 2024 ya ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri da Jere, aka yi asarar rayuka da dukiya. A 2025 gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da aikin sake gina shi.

Babban ruwan yankin shi ne tafkin Chadi, wanda Najeriya da Nijar da Chadi da Kamaru suka haɗa, kuma ƙasashen huɗu suka kafa masa hukumar kula a 1964. Garin Baga, a ƙaramar hukumar Kukawa, yana kimanin kilomita 200 arewa maso gabas da Maiduguri. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan da koguna ke zubawa a tafkin yana zuwa ne daga kogin Shari da reshensa Logon, Komadugu Yobe kuma na kawo kaɗan ta arewa maso yamma. A farkon shekarun 1960 faɗin tafkin ya kai murabba'in kilomita 25,000. Farin shekarun 1970 da 1980 ya rage shi da kusan kashi 90 cikin 100, ya raba shi gida biyu, kudu da arewa, har ɓangaren arewa ya riƙa ƙafewa a wasu shekaru.

Wannan sauyi ya canza irin kifin da ake kamawa. Lokacin da tafkin ke da faɗi da sarari, giwan ruwa da tsage da shemani suna da yawa. Da ruwa ya ja baya, ciyayi suka rufe wurare, ruɓewarsu ta cinye iskar oksijin, sai kifayen sarari suka ragu ƙwarai. Waɗanda suka rage da rinjaye su ne masu jure wahalar fadama: tarwaɗa da gaiwa da bargi, waɗanda ke iya shaƙar iska daga sama, da karfasa mai saurin hayayyafa. Tafkin na yau ba shi da zurfi, cike yake da tsibirai da lunguna da kacala da bado da kainuwa. Ta fuskar siffa, irin wannan ruwa ne aka yi ɗaurin Teksas dominsa.

Kifayen da dabarar ta dace da su

Giwan ruwa shi ne mafi kusa da bas a siffa da hali, amma ya ninka shi girma sau da yawa. Yakan kai tsawon mita biyu da nauyin da ya doshi kilo 200. Idanunsa suna da wani shafi mai mayar da haske a bayansu, wanda ke taimaka masa farauta da asuba da almuru. Ƙananansa na zama a cikin ciyayin gaɓa, manyan kuma suna neman zurfi da ruwa mai wadatar iska. Ba ya tauna abinci, buɗe baki yake yi ya zuƙe kifi gaba ɗaya. A tafkin Nasar na Masar, inda aka kama mai kilo 104 da sandar fatsa a shekara ta 2000, da kuma ƙarƙashin gangaren ruwan Murchison a Yuganda, ana farautarsa da ƙoton roba da na katako masu girma. Shi ne kuma kifin da ake alfahari da shi a bikin kamun kifi na Argungu. Ƙashin da ke rufe wurin numfashinsa yana da kaifi, yana yanke siririn zare, don haka ana ƙara guntun zare mai kauri kusa da ƙugiya. A yankin tafkin Chadi an fi samunsa ta ɓangaren kudu, wajen mashigar kogin Shari.

Tsage mafarauci ne mai gudu da haƙora a waje. Yana kai wa duk abin da ke ƙyalli sara, amma haƙoransa suna yayyaga roba nan take, kuma sai an sa siririyar waya a gaban ƙugiya kafin a fitar da shi. Ƙoton ƙarfe mai walƙiya ya fi dacewa da shi. Tufi yana kwanciya shiru cikin ciyawa mai kauri, yana jiran kwaɗo ko ƙaramin kifi, kuma danginsa na Asiya suna cikin kifayen da aka fi kamawa da kwaɗon roba. Ragon ruwa da ramboshi suna cin kifi idan sun girma, don haka sukan ɗauki ƙoton roba da ke kwance a ƙasa, ko da yake dare ne lokacinsu.

Tarwaɗa, wadda ita ce ƙashin bayan kasuwar kifi a Borno, da hanci da gashin baki take neman abinci. Tana, hanjin kaza, kwaɗo ko yankan kifi sun fi jan ta fiye da roba mara wari. Karfasa ta fi cin tsiro da ƙananan halittun ruwa, bargi kuma tace laka da ruwa yake yi, don haka ƙoton roba mai girma ba ya aiki a kansu. Ke nan kifayen da suka fi yawa a Alau da tafkin Chadi a yau su ne waɗanda dabarar ba ta fi dacewa da su ba.

Kayan su na gida

Su tsohuwar sana'a ce a wannan yanki. Kwalekwalen Dufuna, wanda aka gano a 1987 kusa da Komadugu Gana a jihar Yobe ta yanzu, ya kai kimanin shekara 8,000. Buduma na tsibiran tafkin sun shahara da jiragen da suke ɗaurewa da ciyawar ruwa. Bayan su akwai Kanuri da Kanembu, sannan Hausawa masunta, da yawa daga ƙasar Kabi da Haɗeja, waɗanda suka kwararo bayan shigowar ragar nailan da buɗewar hanyar mota zuwa Baga.

Kayan aikin sun haɗa da kalli, ragar da ake shimfiɗawa kifi ya sarƙe a ciki, da birgi da ake wurgawa, da taru da ake ja zuwa gaɓa. Akwai gura, tarkon da masunta daga Mali suka yaɗa, wanda ake zuba wa dusa. Idan aka jera gura da yawa aka datse hanyar kifi lokacin da ruwa ke janyewa, shi ake kira dumba, kuma lawanai da bulamai sun daɗe suna da ta cewa a kan rabon wuraren kafa ta. Akwai kuma mamari, doguwar igiya mai ɗaruruwan ƙugiyoyi a jere, wadda sau da yawa ba a sa mata ƙoto, tana kama tarwaɗar da ke bin ƙasa ta jiki. Mai neman babban giwan ruwa kuwa yakan soka ƙaramar karfasa ko kawara mai rai ta baya a babbar ƙugiya, ya bar ta tana fafutuka a ruwa. Wannan fafutuka ita ce abin da masu sarrafa roba ke ƙoƙarin kwaikwaya.

Lissafin masunci ya bambanta da na mai fatsar nishaɗi. Masunci yana neman yawa ne: kifin da za a ƙyafe ya zama banda, a cika kwalaye, a kai kasuwar Tashar Baga a Maiduguri, daga nan manyan motoci su kwasa zuwa Onica da Inugu da Legas. Mamari da gura suna aiki dare da rana ko mai su na barci, sandar fatsa kuwa kifi ɗaya take kamawa a lokaci guda, kuma sai mutum na tsaye a kanta. Ƙoton roba daga waje ake shigo da shi da kuɗin ƙetare, tana kuwa tonowa ake yi a bakin ruwa. Saboda haka bai shiga cikin kayan da masuntan yankin suka dogara da su ba. Inda yake da fifiko shi ne ba ya ruɓewa a zafi, ba ya buƙatar a riƙa ciyar da shi, yana shiga ciyawar da raga ba ta shiga, kuma yana zaɓen manyan kifaye ya bar 'ya'ya.

Lokaci da yanayi

Damina a Maiduguri takan kama daga Yuni zuwa Satumba. A lokacin ruwan Ngadda da Alau yana ɗauke da laka, kifaye kuma suna bazuwa cikin fadamu domin hayayyafa. Daga Oktoba ruwa yana kwantawa ya yi haske, yana janyewa, kifi na taruwa a bakin ciyayi da mashigar rafuka, kuma wannan ne lokacin da ƙoton da ake gani da ido ya fi amfani. Tafkin Chadi ya sha bamban, domin ambaliyar Shari tana isowa a makare, sai wajen ƙarshen shekara yake cika. Da hunturu ruwa yana sanyi, kifi yana rage kuzari, ƙoto mai jinkirin sauka ya fi mai sauri, sai dai iskar hunturu tana wahalar da jifa, don haka safiya kafin ta taso ta fi. A bazara, Afrilu da Mayu, zafi yana haura digiri 40, iskar oksijin tana ƙaranci a ruwa mara zurfi, farauta kuma takan koma asuba da faɗuwar rana.

Illa, doka da tsaro

Robar ba ta narkewa a ruwa ko a cikin kifi. Bincike a Amurka ta Arewa ya nuna ƙoton da ya tsinke yana shan ruwa ya kumbura, kifin da ya haɗiye shi kuma yana iya rage cin abinci. Saboda haka ana shawartar masu fatsa su tara yagaggun ƙoto su fita da su, wasu kamfanoni kuma suna yin irin da ke ruɓewa. Barin ƙoto a bakin kifi ya daɗe kafin fizga yana sa ƙugiya ta shige ciki, wanda ke kashe kifin da aka so a saki.

Dokar kamun kifi a ruwayen cikin ƙasa ta 1992 ta haramta amfani da guba da nakiya da lantarki, ta kuma ƙayyade idon raga. Fatsa da ƙugiya ba ta cikin abubuwan da aka hana. Kawo baƙon kifi kamar bas a zuba a ruwan gida kuwa wani batu ne dabam mai haɗari. Giwan ruwa da kansa ya zama misali: da aka kai shi tafkin Biktoriya a shekarun 1950, ya taimaka wajen ɓacewar nau'o'i masu yawa na ƙananan kifayen da suka samo asali a can. Nazarin irin waɗannan al'amura yana hannun cibiyoyi kamar Kwalejin Tarayya ta Fasahar Kamun Kifi ta Baga, da sashen nazarin kifi na Jami'ar Maiduguri, da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa da ke Sabuwar Busa a jihar Neja.

Babban abin da ke ƙayyade kowace irin fatsa a Borno shi ne tsaro. Rikicin tayar da ƙayar baya da ya ɓarke a 2009 ya kai ga mummunan harin Baga na watan Janairun 2015, ya tarwatsa masunta, sojoji kuma suka hana su da safarar kifi na tsawon shekaru kafin a sassauta. Har yanzu shiga tsibirai da lungunan tafkin yana da haɗari, kuma ana bin izinin jami'an tsaro da shugabannin masunta. Wuraren da mai sandar fatsa daga Maiduguri zai iya gwada ƙoton roba su ne kududdufan Ngadda bayan damina, da bakin Alau gwargwadon yadda aikin dam da yanayin tsaro suka bari, da tafkunan kiwon kifi masu zaman kansu. A irin waɗannan wurare ƙaramin ƙoto mai duhun launi da aka shafa wa man kifi ya fi dacewa, domin tarwaɗa da 'yan'uwanta ne mafi yawan masu cizo.